Kitson da Ya Karkata Hagu

Ranar da Mushe, malaminmu, ya raba tablo, wato allon aji, gida uku, ina benci na biyu kusa da taga. A gida na farko ya rubuta manoma da makiyaya da masunta. A na biyu ya sa masu juya abu ya koma wani abu, irin maƙera da majema da masu matse man gyaɗa. Na uku ya ce na masu hidima ne, waɗanda ba su shuka ba, ba su ƙera ba, amma sun yi maka wani aiki ka sallame su. Ya ce mu kawo misali. Aka ce ɗan kabu-kabu, aka ce ɗan ga-ruwa, aka ce likita. Wani daga baya ya ce mushe, aka yi dariya, shi ma ya yi, ya rubuta. Sannan da kansa ya ƙara mai kitso a ƙasa.

Rabi da ke zaune gefena ta ce, "Mushe, kitso ai ba aiki ba ne. Hira ce ake yi a zaune, in an gama a miƙa hannu."

Aji ya sake dariya. Ni kuwa allon na ƙura wa ido, don ban taɓa ganin an rubuta sana'ar gidanmu da alli ba, layi ɗaya da likita. Na buɗe baki zan yi magana, maganar ta ƙi fita, kamar yadda ta saba. To ga ta nan a rubuce, Rabi, ke da duk mai ganin abin da sauƙi.

Kai na farko da aka ajiye a gabana ba kitsa shi na yi ba, tsefe shi na yi. Ina ƴar shekara takwas lokacin, a gidan Goggo Abu, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama a nan Zango. Kan wata mai tuyar awara ne, kitsonta ya daɗe ba a taɓa ba, ga hayaƙi ga maiƙo. Goggo ta miƙo mini kibiya, siririn ƙarfen nan da ake tsaga da tsifa da shi, ta ce in fara daga jela in hau sama. Ni kuwa na ga hanya mafi kusa ita ce in soka a tsakiya in ja. Na ja. Matar ta zabura har ƙeyarta ta doke ni a haɓa. Goggo ko ɗago kai ba ta yi ba daga wanda take yi, ta ce, "Salame, abin da ke ƙarƙashin gashin nan mutum ne, ba buhu ba." Fiye da shekara na yi ina tsifa kawai. Lokacin gani nake an raina ni, ashe a nan karatun yake. A tsifa ake ganin yadda wata ta kama gashi, inda ta matse, da inda ta gaji ta haɗe layi biyu ta ɓoye a ƙeya. Har na kai in na kwance layi guda zan iya cewa wannan hannun Goggo ne ko na wata.

Kitson kansa a kan ciyawa na koya. Da damina akwai wata doguwa mai laushi da ke fitowa a gindin duwatsun bayan gidanmu. In na dawo daga lekol, wato makaranta, sai in durƙusa in raba ta uku in yi ta saƙawa, tana nan dashe a ƙasa. Ciyawa ba ta kuka, ba ta motsi, ba ta cewa ta fasa a sake mata wani. In akuya ta cinye aikin da yamma, gobe ga wata. Da rani kuma bakin buhu nake warwarewa in ɗaure a ƙafar gado. Sai da Goggo ta zo wata rana ta tsuguna ta ja kitson ciyawata da yatsa biyu ta ga bai saki ba, sannan ta fara ba ni kan yara, shi ma ƙeya kawai, inda ɗankwali ke rufewa.

Kayan aikinmu duka suna shiga tsohon gwangwanin madara guda. Kibiya biyu daga wajen maƙeran kasuwar Dole. In sabuwa ce sai an goga bakinta a dutse har ya dakushe, don tsaga ake so ta yi, ba yanka ba. Mataji na katako mai manyan haƙora, da na roba mai ƙanana don goshi. Baƙin zare da allura. Man shanu soyayye da aka ɗiga wa turare, a kwalba. Man kuma ba a hannun dama ake riƙe shi ba, ana lakata a ɗora a bayan hannun hagu, yatsa na dangwala yana wucewa, aiki bai tsaya ba. Sai tabarma da tsumman da ake shimfiɗawa a cinya, don mu a gidanmu kwanciya ake yi, mai kai ta ɗora kanta a cinyar mai kitso, yadda Goggo ta tarar uwarta na yi. Madubi kuwa a ƙarƙashin tabarma yake zama sai an gama, saboda wadda ta ga rabin kitso ba ta barin a kai ƙarshensa lafiya.

Wata Alhamis, ranar kasuwa, wata mata daga ƙauyen Droum ta shigo da hoto a waya. Shuku ne aka tara shi tsakar ka, dogo, ya sha duwatsun ado.

"Wannan nake so, Inna, irin na ƴan birni."

Goggo ta dubi hoton, ta dubi wuyan matar. "Me kike kawowa kasuwa?"

"Daddawa da kuka."

"A ka?"

"To a ina, Inna? Mota gare ni?"

"To in na gina miki hasumiya a tsakar ka, gammo a ina zai zauna? A hanci?"

Matar ta yi dariya har wayar ta faɗi a tabarma. Kitson zane aka yi mata kwantacce, ya tafi baya ya taru can ƙasan ƙeya, ta tashi ta ɗora ƙwaryarta ta gwada, ta zauna daram. Daga ranar na fara lura cewa Goggo ba ta taɓa kai sai ta san inda mai shi ke wuni. Mai aikin asibiti tana sa hula, ba a yi mata tudu. Mai jego a gefe ɗaya take kwana, ba a tara mata jela a wannan gefen. Ƴar lekol hijabi take sawa, in ƙullin ya yi sama sai ta zama kamar ta ɓoye mangwaro. Tsohuwa kuma gashin goshinta lallashi yake so, in an ja shi ya tafi ke nan.

Kawuna kuwa iri-iri ne, kuma duk a cinyarki za su sauka. Akwai mai barci, wanda nauyinsa ke ƙaruwa har ƙafarki ta mutu, ba kuma halin motsawa. Akwai mai surutu. Ku sa yatsa a gefen kunnenku ku yi magana ku ji yadda fatar ke motsi. To a kan wannan motsin ake so ki ja layi miƙaƙƙe. Akwai mai taunar cingam, akwai mai juyowa duk lokacin da aka yi sallama ta ga wa ya shigo. In kin matse da yawa ƙuraje su feso a goshi, ta kasa sujada da kyau, ta yi mako tana ambaton sunanki ba da alheri ba. In kin sassauta, kafin Juma'a ya tashi, ta je ta nuna wa maƙwabta. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan wuri siriri, shi muke nema a kowane layi, kuma ranar da yatsunki suka fara samunsa da kansu, wallahi ji za ki yi kamar ki fita titi ki faɗa wa mutane.

Jajiberin Sallah shi ne ranar da na fi so, duk da shi ne mai kashe baya. Mai alkaki tana soya nata tun da sauran kwanaki ta rufe a kwano. Tela yana fara yanka tun farkon azumi. Mu fa? Ba a yin kitso a ajiye. Sai kan ya zo, kuma kawunan Zango duk rana ɗaya suke tunawa da mu. Talatar da muka wuni ba kowa ta tafi ke nan, ba yadda za a ɗebo ta a ƙara a kan jajibere. Da Mushe ya ce hidima ba a zuba ta a rumbu, tsakar gidanmu na tuna: mata jere a jikin bango, kowa da rabin kai a tsefe, yara na rarrafe a tsakani, wata na rantsuwa ita ta riga zuwa.

Amma babbar dokar sana'ar ba a yatsa take ba. Mai kitso tana ganin abin da ko mai gida bai gani ba: furfurar farko, amosani, tsohon tabo. Ranar da na fara cin karo da ƙwarƙwata a kan wata ƴar gayu da ƙamshinta ya cika gidan, na ɗago ido da sauri. Goggo ta taka mini yatsan ƙafa, ta ci gaba da hirarta. Sai da kowa ya watse ta raka matar zaure ta faɗa mata abin da za ta saya a farmasi. Da ta dawo ta ce mini abin da na gani a kai, a kan yake zama. Wannan ce kaɗai dokar da ban sha wahalar koyo ba.

Shekarar da na shiga aji na biyu a kolej ita ce mummunar shekararmu. Goggo ta faɗo daga kan kabu-kabu tana dawowa daga kasuwa, wuyan hannunta na dama ya karye. Mai ɗori ya ɗaure shi da kara, ya ce ko ludayi kada ta ɗauka. A wannan ranin kuma pampo ya ɗauke ya daɗe bai dawo ba, ƴan ga-ruwa suka zama sarakai, wadda ta samu bido ɗaya, jarkar ruwa ke nan, ba za ta ƙarar da shi a wankin kai ba. Sannan aka buɗe salon a bakin titi, madubi bango guda, ga fanka, ga mesh, gashin ƙari, kala-kala a rataye. Ba na zaginsu, aikinsu suke yi, kuma sun iya. Amma matan da suka yi shekaru suna kwanciya a cinyar Goggo sai su leƙo su ce ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, su wuce. Ina zaune da kibiya a hannu ba wadda ta dube ni, don a wurinsu ni mai tsifa ce da ƙeyar yara. Gidan kuwa da kitson nan yake ci. Babana ya aiko daga ƙauyenmu da ke bayan Hamdara cewa kafin ruwan farko zai turo amalanke a kwashe kayanmu, mu koma can ni da Goggo. Can babu kolej, babu kuma masu kitson da za su riƙe gida. Goggo ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, amma na ga ta fara tara kwanoni wuri ɗaya.

Abin da zan faɗa yanzu da izinin mai kan nake faɗarsa, kuma na sauya mata suna.

Ya Fanna Babarbariya ce a unguwar Birni, tun kafin a haife ni Goggo ke mata kitso. Mijinta ya rasu a wannan shekarar, ta shiga takaba. Mai takaba ba ta ado, ba lalle, ba kwalli, ba turare, kuma a gidajen da suka riƙe al'ada irin nasu ba a taɓa mata kai har wata huɗu da kwana goman su cika. Ranar fita sai a yi mata kitso da lalle, ta ɗaura sabon zane, mata su taru a yi sadaka. Ana gobe fitar, ƴarta Bintu, wadda ke aiki a wani biro, wato ofis, ta zo gidanmu.

"Goggo, na ce mata mu kira ƴan salon har gida, ta ce in ba hannun gidan nan ba sai dai ta fita da kanta haka."

Goggo ta ɗaga hannunta mai kara. "Ga hannun gidan nan."

"Shi ne ai na ce mata..."

"Ce mata muna tafe da hantsi."

Bayan ta fita na ce, "Goggo, da wane hannun?"

Ta ce, "Naki na ado ne?"

Ranar ta faɗo Lahadi, babu lekol. Na rungumi gwangwanin muka bi lungunan Birni, Goggo a gaba tana tallafe da hannu, ni a baya ina jin kibiyoyin na ƙara a ciki duk taku. Muka tarar da Ya Fanna zaune a ɗaki cikin tsohon zanen takabarta, ta rame, amma bakin nan nata yana nan.

"Abu, kin zo mini da hannu ɗaya."

"Da uku na zo," in ji Goggo, ta nuna ni.

Ya Fanna ta ƙare mini kallo. "Wannan mai tsifar? Tana magana kuwa?"

"Ba magana kika kira mu ba."

Ta kwance ɗankwalin. Tsohon kitson da Goggo ta yi mata kafin rasuwar yana ciki, amma ba a ganin layi ko ɗaya. Ya haɗe ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu da ruwa ya daka. Bintu ta riƙe haɓa ta ce wannan sai almakashi, a yanke ta sayo mata hular gashi.

"Ki yanke naki," in ji Ya Fanna. "Jumma na zuwa."

Jumma Bafulatana ce mai kawo musu nono, abokiyar wasanta, kun dai san Barebari da Fulani. A irin wannan taron ita ce mai fizge ɗankwali a gaban mata a ga kitson fita. Ya Fanna ta ce shekara da shekaru matar nan ke neman ta kama ta da abin dariya, in ta fizge yau ta zo da hula a hannu, sai dai ta bar mata Birni.

Na jiƙa karkashi a rabin bokiti, don ruwan ke nan da aka iya ware mana. Da ya yi yauƙi na shafe kan da shi, na bi da man shanu, na bar shi ya sha. Sannan na fara daga can bakin jela, da yatsa tukuna, sai wurin ya yi laushi in sa kibiya. Sili-sili nake zarowa. Wanda ya zube ina dunƙule shi a gefe, don ba a barin gashin mutum a ƙasa, mai shi ake damƙa wa. Goggo na zaune kusa da kafaɗata, ba ta cewa komai sai "sannu a hankali" in ta ga na fara gaggawa. Dunƙulen nan ya dinga buɗewa yana saki, ni kuwa ji nake kamar ina kwance ƙunshin da aka aiko mini. Wajen azahar gashin ya warware duka, dogo, baƙi da ratsin fari. Bintu ta matso ta ce ikon Allah, ta mayar da almakashin jaka.

Ina taje gefen hagu, sama da kunne, sai yatsana ya zame a kan wani wuri sumul. Faɗinsa kamar gindin kofin shayi, babu gashi ko sili. A daidai lokacin Ya Fanna ta kama idon sawuna ta matse. Ta san da shi ke nan. A ɗakin kuwa ga Bintu, ga maƙwabta biyu suna kwaɓa lalle. Na mayar da gashin na rufe, na kamo lafiyayyen hannun Goggo kamar ina tambaya ko man ya isa, na ɗora shi a wurin. Fuskarta ba ta sauya ba.

"Bintu, surutunku na hana yarinya aiki. Ku fita da lallen nan tsakar gida, ku sakar mana labule."

Da suka fita Ya Fanna ta ce a hankali, "Tun wata na biyu ya fara zuba. Ko Bintu ba ta sani ba."

"Zai fito," in ji Goggo. "Na sha ganin haka bayan rashi."

"Zai fito kafin la'asar?"

Kitson da Goggo ta saba yi mata doka ce irin ta da, tudu a tsakiya, layuka na gangarowa kunne ta kowane gefe. Tsagar gefen hagu ta kan wurin nan za ta bi, ta buɗe shi kowa ya gani. Ban taɓa ganin Goggo ta rasa abin cewa a kan kai ba sai ranar.

Ni kuwa ina kallon wurin sai gonar babana ta faɗo mini. Akwai suri a tsakiyarta. In ana huɗa ba a bi ta kansa, kunyoyin ne ke lanƙwasa tun daga nesa, har mai wucewa ya ɗauka don kyau aka yi. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Goggo, in na fara tsagar daga kunnen dama fa, na kwanto da komai hagu?"

"Sai me?"

Na nuna mata da bakin kibiya. Layukan su taso daga dama, su haye tsakar ka a lanƙwashe. In sun iso bakin wurin sai in sake su daga fata, in ci gaba da su a matsayin kalaba, in jera su kusa da kusa a kansa kamar rufin zana. Jelarsu kuma in ɗinke da baƙin zare a jikin wani layi da zan ja ta bayan kunne.

"Ba a yi," in ji Goggo. Ta sake duban wurin. "Amma ba a hana ba. Yi mu gani."

Tsaga ta farko ita ce mai wuya, don hannu ya saba da miƙewa, kuma duk sauran ita za su bi. Sau da yawa na ja na goge da mataji kafin ta kwanta yadda nake ganinta a ido. Daga nan yatsuna suka kama gudu. Goggo na cewa ƙanƙanta wannan, matso da wancan, har ta daina cewa komai. Can sai na ji kan ya yi nauyi a cinyata. Ya Fanna ta yi barci. Goggo ta ɗaga mini gira, ni ma na ɗaga mata.

Da na ɗinke jela ta ƙarshe muka tashe ta. Goggo ta sa ta sunkuya kamar mai ruku'u, ta girgiza kai dama da hagu. Ba abin da ya buɗe. Na ciro madubi. Ta daɗe tana dubawa, tana juya wuya, tana kai hannu tana fasawa.

"Ina wurin?"

"Wane wuri?" in ji Goggo.

Bayan la'asar tsakar gida ta cika. Turaren wuta na tashi, ana raba shinkafa, Ya Fanna na zaune a tsakiya cikin sabon zane da lalle a ƙafa. Ni na samu wuri bayan randa na lafe. Sai ga Jumma, doguwa, ta shigo da ƙwarya a hammata.

"Ina Babarbariyar nan? An ce yau aka buɗe ta, masu nema su fara layi."

"Ga ni nan, mai ƙarnin nono. Wa ya bar miki ƙofa?"

Kafin ta rufe baki ɗankwalin yana hannun Jumma. Jumma ta zagaye ta, ta karkata nata kan tana kallo.

"Ke, kanki ne ya karkace da zaman ɗaki, ko kitson ne?"

Aka fashe da dariya. Sai ta sa hannu. Ina kallon yatsunta sun bi layukan tun daga dama, sun haye, sun gangaro hagu, sun tsaya daidai kan rufin. Ta danna. Ta kama jela guda ta ja. Zaren ya riƙe.

"Abu, da ƙafa kika yi wannan?"

"Ni ko man ban taɓa ba."

"To wa?"

Goggo ta nuna randa da haɓa. Aka jawo ni tsakiya, Jumma ta kama hannuwana tana juyawa kamar mai tayin kaza.

"Wannan da ko sallamarta sai an kasa kunne? Ke ƴar nan, me ya sa kika kwantar da shi hagu?"

Duk idon gidan ya dawo kaina, har da na Ya Fanna. Na ce, "Haka kan ya nema."

"To nawa ma haka yake nema," in ji Jumma, ta fara kwance ɗankwalinta a nan take, sai da aka riƙe ta.

Washegari na taso daga lekol da rana, tun daga bakin lungu na hango takalma sun cika zaurenmu har sun fito waje. Na ɗauka wani abu ya samu Goggo, na ruga. Na tarar da ita a kan kujera da hannunta a ɗaure tana tsara wa mata layi, an aro tabarmar maƙwabta an ƙara. Akwai matan Birni, akwai kuma namu na Zango masu ya jiki su wuce. Wata a cikinsu ta ce, "Abu, ni dai in hannunki ya warke ke nake so ki yi mini mai karkatar nan."

"Ko ya warke ban iya shi ba," in ji Goggo. "Ga mai shi nan ta shigo. Ku bari ta tuɓe kayan lekol."

Har Sallar wannan shekara rabin matan unguwarmu kansu a kwance hagu yake, kowace da rufinta a saman kunne, ba wadda ke rufe komai, ba kuma wadda ta san dalili. Gashin Ya Fanna ya fito kafin kaka, yanzu ita ke ba da labarin da bakinta, amma sai ta tabbata Jumma ba ta kusa.

Alhamis ɗin makon fitar takabar kuwa ɗan aiken babana ya zo kasuwa, ya biyo gidanmu ya tsaya a zaure, don ba wurin shiga. Ya ɗaga murya ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, Malam na tambaya wace rana za a turo amalanken. Ina tsakiyar wani layi, ban iya tsayawa ba, kunnena dai na kasa.

Goggo ta amsa daga kan kujerarta. "Ka ce masa ya turo shi gobe ma in ya so. Amma ya ciko mana shi da ruwa, kawunan nan sun fi ƙarfin bido ɗaya."